AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wace Jarrabawa Ce Ke Gaban Mai Neman Digiri Na Uku A Kimiyyar Sinadarai?

 Kamar dai yadda muka saba, mukan buga amsoshin da muka bayar ta rediyo a wannan shafi, domin amfanin waɗanda shirin ya wuce su, da kuma masu son su ajiye don gaba. A wannan mako tambaya ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta na da ɗan tsawo. Takardar ta fito ne daga hannun wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare a Funtuwa, wanda ya nemi mu sakaya sunansa.

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da ɗa da ke karatun digiri na uku a fannin kimiyyar sinadarai a wata jami'a ta Amurka, yau shekara biyu ke nan. Kwanan baya ya bugo mini waya ya ce in taya shi da addu'a, wai akwai wata jarrabawa a gabansa wadda in ya faɗi sau biyu, to karatun ya ƙare ke nan. Ni kuwa a iya sanina, wanda ya kai wannan matsayi ya wuce zaman jarrabawa, bincike kawai yake yi ya rubuta littafi. Tun da ya faɗa mini barci ya ƙaurace mini, mahaifiyarsa kuwa ba a magana. Don Allah wace irin jarrabawa ce wannan? Me ake tambaya a cikinta, kuma mene ne makomar wanda bai ci ba?

AMSA: To Malam, da farko dai muna gode maka da wannan tambaya, kuma muna roƙonka da ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar wa mahaifiyar yaron da nata. Abin da ɗanka ya faɗa maka gaskiya ne, akwai wannan jarrabawa, kuma kusan duk wanda ya yi digiri na uku a Amurka, wato digirin nan da ake wa laƙabi da digirin digirgir, sai da ya bi ta ƙofarta. Turawa na kiranta kwalifayin, ma'ana jarrabawar cancanta. Da ita ne jami'a ke tantance ko ɗalibi ya isa a sakar masa ragamar bincike da kansa.

Asalin Abin

Kafin mu shiga cikin jarrabawar, ya kamata ka san yadda aka gina karatun. Digirin dokta na bincike irin na zamanin nan daga Jamus Amurkawa suka kwaikwayo shi. A shekarar 1824 aka naɗa wani matashi mai suna Justus von Liebig farfesa a jami'ar Giessen yana ɗan shekara 21, shi kuma ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje inda ɗalibai ke koyon kimiyyar sinadarai da hannunsu, maimakon su zauna suna sauraron malami kurum. Matasa daga ƙasashe daban-daban, har da Amurka, suka yi ta tururuwa zuwa Jamus neman wannan ilmi. Jami'ar Yale ce ta fara ba da digirin dokta a Amurka a shekarar 1861. Sa'an nan a 1876 aka buɗe jami'ar Johns Hopkins a birnin Baltimore bisa tsarin Jamusawa, aka ɗauki Ira Remsen, wanda ya sami digirinsa a Göttingen a 1870, ya zama farfesanta na farko a wannan fanni. A ɗakin gwaje-gwajensa ne ma aka gano sakarin, abin zaƙin nan da wasu masu kunun zaƙi ke sawa a madadin sukari.

To amma akwai bambanci guda. A Turai galibi sai ka gama digiri na biyu kafin ka shiga na uku. A Amurka kuwa, a fannin sinadarai, da digirin farko ake ɗaukar akasarin ɗalibai kai tsaye. Don haka sai suka raba karatun gida biyu. Kashin farko, kimanin shekara biyu, na darussa ne da jarrabawa da fara bincike. Kashi na biyu, shekara uku zuwa huɗu, na bincike ne zalla da rubuta kundi. Duka-duka dai karatun kan ɗauki shekara biyar zuwa shida. Wannan jarrabawa da ɗanka yake magana a kai, ita ce ƙofar da ke tsakanin kashin farko da na biyu.

A nan ya kamata mu ja hankalin masu sauraro kada su haɗa ta da jarrabawar GRE. Waccan ta neman shiga ce, ana yin ta tun kafin a ɗauki mutum. Hasali ma, takardarta ta musamman a kan sinadarai an daina yin ta bayan watan Afrilu na 2023.

Matakan Da Ake Bi

Kowace jami'a da nata tsari, amma in an duba za a ga matakai huɗu ne suka fi yawa.

Na farko, a makon da ɗalibi ya iso, tun bai gama gane hanyar ɗakin cin abinci ba, sassa da dama kan zaunar da shi jarrabawar gwajin tushe, don a ga abin da ya zo da shi daga digirin farko. Akan yi amfani da takardun da Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka ke shiryawa, ƙungiyar da aka kafa ita ma a 1876. Jarrabawar kan shafi manyan rassan fannin: reshen sinadaran da suka ƙunshi kabon, kamar man fetur da roba da yawancin magunguna, reshen ƙarafa da ma'adinai, reshen awo, wato gano abin da ke cikin abu da yawansa, reshen da ke nazarin zafi da ƙarfi da saurin haɗuwar sinadarai ta hanyar lissafi, wani lokaci kuma da reshen sinadaran jikin mai rai. Wanda ya nuna rauni a wani reshe ba korarsa ake yi ba, akan sa shi ya ɗauki darasi a wannan reshen, ko ya sake zama bayan 'yan watanni.

Na biyu shi ne darussa. A shekarar farko ɗalibi kan ɗauki darussa masu zurfi, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada matsakaicin makinsa ya gaza 3.0 cikin 4.0. A lokaci guda kuma yana koyar da ƙananan ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje, aikin da ake lissafa shi kamar awa 20 a mako, wanda da shi ne ake yafe masa kuɗin makaranta, a kuma ba shi ɗan abin sa wa a bakin salati duk wata. A cikin wannan shekarar ne kuma yake zaɓen farfesan da zai yi bincike a ƙarƙashinsa.

Na uku, akwai wata tsohuwar al'ada ta sassan sinadarai da ɗalibai ke kira kyum, wato jarrabawar tara maki. Ita wannan kusan duk wata ake yin ta a lokacin zangon karatu, a wasu wuraren ran Asabar da safe. Wani malami zai tsara tambayoyi, sau da yawa daga sababbin binciken da aka buga a mujallun masana, wani lokaci a sanar da batun tun da wuri, wani lokaci kuma sai ka zauna za ka gani. Ana buƙatar ɗalibi ya ci wani adadi da sashen ya ƙayyade kafin wa'adi ya cika. Manufarta ita ce a tilasta wa ɗalibi ɗabi'ar karanta mujallu kullum. Sai dai sassa da yawa sun soke ta, bisa hujjar cewa tana cinye lokacin da ya kamata a yi bincike, suka maye gurbinta da rubutu da gabatar da lacca.

Na huɗu, wanda shi ne uwa uba, shi ne jarrabawar baka. Tun da ɗanka ya shekara biyu, to bisa ga dukkan alamu ita ce a gabansa.

Yadda Zaman Yake

Kafin ranar, ɗalibi zai rubuta bayani na wasu shafuka, galibi goma zuwa ashirin, a kan binciken da yake son yi: mece ce matsalar, me na gaba suka yi a kanta, me ya samu zuwa yanzu, me yake shirin yi a shekarun da suka rage. A wasu jami'o'in har akan ce ya ƙara da wata shawarar bincike ta ƙashin kansa, wadda ba ta cikin aikin malaminsa, don a ga ko yana iya haifar da tunani sabo. Zai miƙa wa kwamiti na malamai uku zuwa biyar su karanta.

Ran jarrabawa za a shiga ɗaki a rufe ƙofa, daga shi sai su sai allo, na tsawon awa biyu zuwa uku. Malaminsa, a wasu wuraren, yakan zauna amma ya yi gum. A wasu kuwa ba ya ma cikin masu jarrabawar. Yaro zai fara bayani, amma da wuya ya yi nisa ba a katse shi ba.

Bari mu kawo misali don abin ya fito fili. A ce ɗalibi ya tashi ya ce yana son ya yi amfani da gawayin ɓawon gyaɗa ya cire dalma daga ruwan sha, ya kuma kafa hujja da bala'in gubar dalma da ya auku a jihar Zamfara a 2010, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Magana ce mai kyau, kuma kowa zai so a yi nasara. To amma ga irin abin da zai biyo baya.

Malami na farko zai ce: a Zamfara ai dalmar ta fi shiga jikin yara ne ta ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. To kai da ka kama ruwa, wane kaso na matsalar kake magancewa?

Na biyu zai ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha maikrogiram 10 a lita guda, wato giram 10 kacal a cikin lita miliyan ɗaya. Na'urar da kake awo da ita tana iya ganin ɗan wannan adadi? Yaya ka tabbatar?

Na uku zai ce: ka nuna mana dalma ta ragu bayan ka zuba gawayi. Yaya aka yi ka san gawayin ne ya kama ta? Gawayi na ɗauke da toka, toka kuwa kamar kanwa take, tana rage tsamin ruwa, kuma in tsamin ruwa ya ragu sosai dalma kan kwanta a ƙasa da kanta. Bayan haka dalma kan manne a jikin kwalba. Ka ajiye wata kwalbar da ba ka sa mata gawayi ba don ka kwatanta? Ka auna tsamin ruwan kafin gwaji da bayansa?

Na huɗu zai ce: ruwan da ka yi gwaji da shi tatacce ne na ɗakin gwaje-gwaje. Ruwan rijiya kuwa cike yake da wasu ma'adinai irin su kalsiyam da magnisiyam, waɗanda sun ninka dalmar yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma za su nemi wurin zama a jikin gawayin. Me zai faru?

Daga nan sai wani ya miƙo masa alli ya ce, je ka allo ka fitar mana da lissafin Langmuir daga tushe. Wannan Irving Langmuir Ba'amurke ne da ya sami lambar yabo ta Nobel a 1932 saboda aikinsa a kan yadda sinadarai ke mannewa a saman abubuwa. Yaro na cikin rubutu, sai a ce, wane zato ka yi a layi na biyu, kuma ya dace da gawayinka? Can kuma wani ya tambaya, to in gawayin ya cika da dalma, ina za ka zubar da shi?

Ka ga ke nan, Malam, babu canki-canka a wannan jarrabawa, kuma hadda kaɗai ba ta fid da mutum. Duk amsar da ya bayar, wata tambayar za ta fito daga cikinta, ana yi ana nutsawa da shi har sai an kai inda saninsa ya ƙare. Da gangan suke yin haka, kuma kowane ɗalibi, komai hazaƙarsa, sai an kai shi wannan gaɓa. A nan ne ainihin jarrabawar take. Wanda ya rikice ya shiga kame-kame, ko ya ƙirƙiro amsa don kada a ce bai sani ba, ya jawo wa kansa. Wanda kuwa ya ce wannan ban san shi ba, amma ga abin da nake zato, ga dalilina, ga kuma gwajin da zan yi in gano gaskiya, to shi ne ya ba su abin da suke nema. Domin kuwa aikin mai bincike ke nan har ƙarshen rayuwarsa: tsayawa a gaban abin da ba a sani ba, da neman hanyar saninsa ba tare da yaudarar kai ba.

Sakamako

In an gama sai a ce ɗalibi ya ɗan fita waje, malamai su tattauna, yawanci a ranar zai ji sakamako. Babu na ɗaya babu na biyu kamar yadda ka saba a aji. Abu uku ne ke iya faruwa.

Ko dai a ce ya ci, daga ranar ya zama ɗan takarar digirin dokta, babu sauran abin da ke gabansa sai bincike da kundi da kuma kare kundin a ƙarshe. Ko a ce ya ci amma da sharaɗi, wato ya gyara rubutunsa, ko ya ɗauki wani darasi, ko ya dawo ya amsa tambayoyi a kan ɓangaren da ya yi rauni. Ko kuma a ce bai ci ba, a ba shi 'yan watanni ya sake shiri ya dawo. In ya sake faɗuwa a karo na biyu, to a yawancin jami'o'i nan neman digiri na uku ya tsaya a wannan sashe. Wannan shi ne abin da ɗanka ya faɗa maka.

Sai dai ko a nan ɗin ba hannu rabbana ake fita ba. Akasari akan ba mutum dama ya kammala sharuɗɗan digiri na biyu ya fita da shi, kuma mai digiri na biyu a sinadarai abin nema ne a kamfanonin magunguna da na mai da na abinci da wuraren tace ruwa. Wasu ma kan koma wata jami'ar su sake farawa, su kuma gama lafiya. Abin da ɗalibi baƙo zai kula da shi shi ne, takardar izininsa ta zama a ƙasar tana rataye ne da karatun, saboda haka duk wani canji da ya taso, ya garzaya ofishin kula da ɗalibai baƙi na jami'arsa tun da wuri.

Wani abin da zai ƙara kwantar maka da hankali shi ne, mafi yawan waɗanda suka kai ga wannan zama suna ci, ko a karon farko ko a na biyu. Dalili kuwa, malamin da ya shekara biyu yana horar da yaro, yana kashe kuɗin bincikensa a kansa, ba ya son ya tura shi gaban kwamiti alhali ya san bai shirya ba, don faɗuwar ɗalibi abin kunya ne ga malaminsa ma.

Wani zai ce, to me ya sa ake wahalar da yara haka? Amsa ita ce, jami'a za ta ci gaba da ɗaukar nauyin mutum na wasu shekaru uku ko huɗu, shi ma zai zuba ƙuruciyarsa a ciki. In akwai ɓaraka a tunaninsa ko a tsarin bincikensa, gara a gano ta a shekara ta biyu da a gano ta a ta shida. Sau da yawa ma tambayoyin kwamitin ne ke ceto ɗalibi daga ɓata shekaru a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, in ji masu iya magana.

A Wasu Ƙasashen Fa?

A Birtaniya, inda karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu, ɗalibi kan rubuta rahoto wajen ƙarshen shekarar farko, malamai su yi masa tambayoyi kafin a tabbatar da shi. A Jamus, bisa tsohon tsari, babu irin wannan jarrabawa a tsakiya, mutum kan shiga bincike da digiri na biyu, sai a ƙarshe ya fuskanci ta baka. A Faransa, wadda jami'o'in Nijar ke bin tsari irin nata na lisans da masta da dokta, tun daga 2016 doka ta wajabta kafa kwamitin da zai riƙa bibiyar ci gaban kowane ɗalibi. A jami'o'in Nijeriya kuwa, abin da ya fi kama da ita shi ne zaman kare shawarar bincike a gaban malaman sashe, kafin daga baya a zo ga kare kundi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a.

Shawara

Ga ɗanka da sauran ɗalibai masu jiran wannan rana, shawararmu ita ce su karanta littafin ƙa'idojin sashensu da kyau, don shi ne alƙali. Su koma su bi littattafan digirin farko, domin sau da yawa tambaya mai sauƙi ce ke kayar da mutum. Su tara abokan aikinsu da suka riga suka ci, su yi musu gwajin jarrabawar ba sani ba sabo, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Su saba da tsayuwa gaban allo suna magana suna rubutu. Kuma duk na'urar da suka yi awo da ita, su san yadda take aiki da inda take kuskure.

Kai kuwa Malam, naka taimakon shi ne addu'ar da ya roƙa, da kuma sarara masa. A cikin makonnin nan a ɗage masa maganar aiken kuɗi da ƙananan matsalolin gida. In ya bugo waya kada a tare shi da yaushe za ka gama. In ma Allah ya sa bai dace a zaman farko ba, kada a ɗauke shi a matsayin wanda ya kunyata gida, a ƙarfafa masa guiwa ya koma, don manyan masana da dama sai a zama na biyu suka haye.

Da fatan Malam ya gamsu, kuma muna sa ran za ka sake rubuto mana ka ba mu labari mai daɗi. Masu sauraro, iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a wannan mako. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.